Yadda Muka Nema wa Amatullah Dangi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro mai albarka; wakilin Mai Martaba, Allah Ya ja zamanin Sarki; iyayenmu hakimai da dagatai; alƙalanmu, waɗanda tun da aka ƙaddamar da Shari'a muke gaishe su da ƙarin ladabi, saboda dalilin da kowa ya sani; malamanmu, magada Annabawa; shugabannin ƙananan hukumomi da suka tako da ƙafarsu, da waɗanda suka aiko wakilai, da waɗanda wakilan nasu ma suka aiko wakilai; abokan aikina tsofaffin hannu, masu furfura da masu rina ta; 'ya'yana sababbin ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda dominku aka taru yau a birnin Daura; sauran jama'a maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Siddiƙa Yahya. Wanda bai san ni ba a cikinku ya gode wa Allah, alama ce gidansa lafiya: bai saki mace da goyo ya hana ta abinci ba, bai ɗaure ɗan'uwansa mai taɓin hankali a turke kamar akuya ba, ba a kuma tsinci jariri a bayan katangarsa ba. Waɗanda suka san ni kuwa, ina ganin wasunsu a sahun gaba, su kwantar da hankalinsu, ba zan kama suna ba.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, musamman da suka ba ni lasifika. Shekara da shekaru ina wannan aiki ba a taɓa miƙa mini ita ba, sai yau da ritaya ta leƙo, lokacin da duk abin da na faɗa ba mai iya tsoratar da ni da canjin wurin aiki zuwa bakin iyaka. An ma riga an kai ni can, na sha ruwansu, na dawo da ƙibata.

'Ya'yana, malaman da suka rigaye ni sun karanta muku aikin nan daga littafi, kuma sun kyauta. Za ku sasanta miji da mata, ku fito daga gidan su biyun suna zaginku tare, wanda shi ne alamar sun shirya. Za ku bi yaro zuwa kotu ku roƙi alƙali ya dubi shekarunsa. Za ku kai marar lafiya asibiti, a tambaye ku ina danginsa, ku duba dama ku duba hagu, ku ga ashe ku ne dangin. Ni ba zan ƙara muku karatu ba. Labarin mutum ɗaya zan ba ku, in ciro muku abin da na koya a ciki, domin da tsohuwar zuma ake magani. Na nemi izinin mai labarin kafin in zo, ta ce in faɗa, amma kada in rage mata komai, musamman wuraren da ita ta yi nasara.

Abu na farko: ku ciyar da mutum kafin ku tambaye shi sunansa.

Ba a daɗe da fara Shari'a ba, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga 'yan kamasho sun shigo ofishinmu sun tasa wata mata a gaba. Doguwa ce, baƙa, ta doshi arba'in, tana sanye da baƙar abaya da ta sha ƙura, a hannunta jakar leda ɗaya tal. Suka ce wata malama ce ta sauka a tasha ba ta san inda za ta ba. Na ce yaya aka yi kuka san malama ce? Suka ce ai addu'a ta yi wa direban da ya kawo ta daga Kano, da Larabci tsantsa, har duk tasha aka ɗaga hannu ana cewa amin. Daga baya na tambaye ta wace addu'a ce. Ashe direban ne ya nemi riƙe mata jakar, ita kuwa ta wanke shi da zagi tun daga uwarsa har tayoyin motarsa. Shi ma da kansa ya ce amin, ya shafa, ya ba ta jakarta.

Abokin aikina na wancan lokaci ya gyara zama ya fara tambaya: suna, shekaru, ƙaramar hukuma. Ni kuwa na lura leɓɓanta sun bushe don yunwa. Na aika aka sayo shayi da burodi. Sai da ta ga ƙarshen kofi na biyu, sannan ta buɗe baki da wata irin Hausa mai ratsin Larabci, ta ce sunanta Amatullah.

A Jidda aka haife ta, a Jidda ta yi aure, a Jidda ta rufe mijinta da mahaifiyarta, mahaifinta kuwa a Makka aka rufe shi, kuma Allah bai bar mata ɗa ba. Ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Tana bakin titi tana sayar da gyaɗa aka kama ta don ba ta da takardar izinin zama, aka tsare ta, aka zuba ta a jirgi da kayan jikinta, aka sauke ta a Kano aka ce ga ƙasarku nan. Abin da ta sani game da ƙasar tasu bai fi cikin cokali ba: mahaifinta sunansa Sama'ila, mutumin ƙasar Daura ne, ya tafi Makka a ƙafa tun yana saurayi.

Jama'a, neman Sama'ila a ƙasar Daura! Yanzu in na ce Sama'ila ya miƙe a ɗakin nan, sai an rasa masu riƙe kujeru.

Abu na biyu: ofis yana da lokacin tashi, matsala ba ta da shi.

La'asar ta yi, kowa ya kama gabansa. Ofishinmu ba shi da ɗakin sauke baƙo. Yana dai da mota, wadda tun kafin a ɗauke ni aiki take zaune a kan duwatsu, kaji suna ƙyanƙyasa a cikinta, kuma duk shekara a kan yi mana alƙawarin tayoyi. Ba yadda zan yi in bar mace a baranda. Na tafi da ita gidana.

Maigidana, Malam Yazid, Allah Ya saka masa da alheri, ya dube ta, ya dube ni, ya ja ni gefe ya ce, “Siddiƙa, bara jaririya kika kawo mini, bana Balarabiya. Baɗi me zan sa rai?”

Na ce, “Haƙuri, Malam, baƙo raɓa ne.”

Bayan wata biyu ya sake ja na gefe ya ce, “Wannan raɓar taki fa ta zama damina.”

Kuma ba baƙuwa ce mai sauƙi ba. Ranar da na fara ajiye mata tuwon dawa da miyar kuka, ta leƙa kwanon ta ce wane laifi ta yi mini. In wuta ta ɗauke ta ce wa ya mutu. Tana kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba a lokacin, ita kuwa da ta yi ɗawafi ya fi a ƙirga ba mai ce mata komai sai “ke matar nan”. Ina gaya muku wannan ne don kada ku zaci duk mai neman taimako mai daɗin zama ne. Wahala ba ta mayar da mutum waliyyi. Wani za ku taimake shi yana gode muku, wani za ku taimake shi yana gyara muku yadda kuke taimakon. Dukansu haƙƙinsu ɗaya a kanku.

Abu na uku: ba duk mai hawaye ne dangi ba.

Muka kai cigiya gidan rediyo. Ni abin da na ce a faɗa shi ne wata baiwar Allah tana neman dangin mahaifinta. Mai sanarwa ya ga maganar ba gishiri, sai ya zuba nasa: wata Hajiya daga ƙasa mai tsarki ta sauka, tana neman 'yan'uwanta na jini. Washegari ban iya shiga ofis ba don baffanni. Ashe ba gidan da ba a taɓa rasa Sama'ila ba a ƙasar nan. Wasu sun zo da kaji, wasu sun zo da 'ya'yansu maza marasa aure, an sa musu hula.

Akwai wani dattijo, Alhaji Amadu, wanda tun daga bakin ƙofa ya fara kuka. Ya shigo yana layi, ya zube a gaban wata mata mai baƙin hijabi yana cewa, “Wayyo jinin Sama'ila! Idon nan nasa ne, hancin nan nasa ne!”

Matar ta ce, “Baba, ni Lami ce, mai shara. Ɗaga ƙafarka in wuce.”

Bai ji kunya ba. Ya juya ya ƙarasa kukan a gaban Amatullah. Da ya gama ya share ido, ya ce, “To 'yata, ina aka ajiye akwatunan?” Ta nuna masa jakar leda. Ya ce ta ɗan yi murmushi ya gani. Ta yi. Babu haƙorin Makka ko ɗaya. Nan take Allah Ya dawo masa da tunaninsa: ya tuna cewa nasu Sama'ilan Gwanja ya tafi fatauci, ba Makka ba. Ya ɗauki kazarsa ya fita. Kafin azahar baffanni sun watse kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mun yi dariya, kamar yadda kuke yi yanzu. Amma da muka koma gida na tarar da ita a bayan ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce, “Hajiya, a Jidda ana ce mini ’yar Najeriya, ki koma ƙasarku. Na zo ƙasarmu ana ce mini Balarabiya. A cikin jirgi kaɗai ba a tambaye ni ’yar ina ce ba. Ki nema mini hanya in koma. Can aƙalla na san inda kabarin uwata yake.”

Na zauna kusa da ita, har aka kira magariba. Wannan ma aiki ne, 'ya'yana, ko da yake ba a ba da ƙarin girma a kansa.

Na nawa nake? Ku masu rubutawa ku tuna mini. Yauwa, na huɗu: ku san irin tambayar da mutane suke jin daɗin amsawa.

Duk inda na je ina tambaya wa ya san wani bawan Allah da ya tafi aikin Hajji a ƙafa. Kowa ya san goma, kuma duk salihai. Wata rana muna tsintar shinkafa ni da Amatullah, sai ta ce, kamar ba da gangan ba, wai da mahaifinta ya kwanta ciwon ajali ba abin da yake ambata sai wani jan sa da wata mai suna Kulu. Na ce wane sa? Ta yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ta faɗa. Guzurin da ya tafi da shi, san mahaifinsu ne ya kwance ya kora kasuwar Magarya ya sayar, bai waiwayo ba. Ta ɓoye mini ne don kunya.

Na ce, “Amatullah, kin sa na yi ta yawo ina neman waliyyi, alhali ɓarawo ya fi sauƙin samu!”

Na jira ranar da aka tara dagatai a Baure don rabon takin zamani, taron da ba dagacin da yake aiko wakili. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ce, “Ranku ya daɗe, ko akwai wanda ya taɓa jin labarin saurayin da ya kwance san ubansa ya tafi Makka?”

Wani tsohon dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, “Ai a Yelwa, can gaba da Babban Mutum, har karin magana muke yi da shi: hajjin Sama'ila, lada a Makka, kuka a gida. Ƙanwarsa Kulu tana nan da rai. Amma 'yar nan, in za ki je, ki bar kunnuwanki a gida.”

Kun ji. Alherin mutum a kan manta da shi kafin sadakar arba'in. Abin kunyarsa kuwa jikoki ne suke gadonsa.

Muka hau motar kasuwa, mu da awaki, muka sauka a Babban Mutum, muka ƙarasa a amalanke. Muka tarar da Kulu a ƙarƙashin rumfar kara tana ɓarar gyaɗa da lalube, don yana ta rufe mata idanu. Tsohuwa ce ’yar ƙanƙanuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun riga ta, tana raɓe a gidan ɗan ƙanen mijinta, ana ba ta abinci kamar ana biyan tara.

Na gaishe ta, na ce, “Inna, alheri ya kawo mu. Ga ’yar wanki Sama'ila na kawo miki.”

Ta ce, “Ba ni da wa. Ɓarawo gare ni.”

Na ce, “Allah Ya yi masa rasuwa, Inna. A Makka aka rufe shi.”

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Can ta ce, “A Makka? Ikon Allah. Shi da ya yi sata ya kwanta a Makka, ni da aka yi wa zan kwanta a bayan garin Yelwa.”

Amatullah ta matso, ta kira ta da sunan da Larabawa suke kiran gwaggo, ta ce, “Ya Amma!”

Kulu ta ce, “Amma me? Ƙarasa maganarki.”

Daga nan ta kwance mana buhun da ta ɗaure shekara hamsin. Ashe san nan nata ne. Shi mahaifinsu ya keɓe don a sayar a yi mata kayan ɗaki, biki saura kaɗan wanta ya gudu da shi. Aka kai ta gidan miji da tabarma da ƙwarya ɗaya. Dangin miji suka raɗa mata suna Ba-nauyi, wai amaryar da mutum ɗaya ya ɗauko kayanta, kuma da wannan suna aka kira ta har ta yi furfura. Mahaifiyarsu ta mutu tana duban hanya. Kulu ta faɗi wannan duka ba hawaye, sannan ta shiga zagin mamacin, zagi irin na wanda ya daɗe yana gwaji.

Ni kuwa ina ta “haƙuri Inna, mamaci ne Inna”, ina harhaɗa dabarun sulhu da aka koya mana. Sai Amatullah ta miƙe. Ta ce, “Gwaggo, ya isa! Kina zaton daɗi ya je ya ji? Ruwa ya yi ta ɗauka a kafaɗa har bayansa ya ranƙwafa. A ɗakin kwano ya mutu, bai mallaki ko akuya ba. Duk shekara yana cewa baɗi zai koma gida da sa biyu, kunya ta hana shi. Da sunanki a bakinsa ya cika, ke kuwa kina nan kina tauna shi kamar goro!” Da Hausarta ta ƙare ta juya Larabci. Kulu ba ta jin ko baƙi ɗaya, amma ta san zagi in ta ji shi, ta riƙa mayarwa da Dauranci. Maƙwabta suka hau katanga. Na cire gyalena na ɗaura a ƙugu, ban san wadda zan fara riƙewa ba.

Kwatsam tsohuwa ta daina zagin. Ta ce, “Ke, zo nan.” Amatullah ta durƙusa tana haki. Kulu ta sa hannu ta shafa goshinta, ta shafa kumatunta, ta shafa bakin. Ta ce, “Wannan muryar uwarmu ce in ranta ya ɓaci. Ku ba ta ruwa.” Ta juyo wajena ta ce, “Ke ma'aikaciya, kada ki je ki ce na yafe. Ban yafe ba. Amma ta zauna, in sami wanda zan riƙa faɗa wa.”

Na koma Daura ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Malam Yazid har kaza ya yanka.

To ga abu na biyar, kuma in kun manta da sauran ku riƙe shi: kai mutum gida ba shi ne ƙarshen aiki ba. Zumunta a ƙafa take, aikinmu ma a ƙafa yake. Ku koma ku duba.

Da na koma bayan 'yan makonni, na tarar da Amatullah ta rame, tafin hannunta duk ya yi kanta. Ba ta iya daka ba, ba ta iya surfe ba, ta jefa guga a rijiya har masu gidan sun hana ta zuwa kusa da ita. Maigidan, ɗan ƙanen mijin Kulu, ya tare ni tun a zaure ya ce a da baki ɗaya yake ciyarwa don Allah, yanzu an kawo masa na biyu, kuma duka biyun ba sa rufuwa. Kulu kuwa tari take yi, ba mai kai ta asibiti. Ashe ba mutum ɗaya ne yake neman gida ba, su biyu ne.

Na zaunar da su na ce kowa ta faɗi abin da take so, don ba ni zan yi zaman ba. Amatullah ta ce, “Ni ’yar birni ce, Hajiya. Ban iya taɓarya ba, na iya kasko. Ki kai ni inda mutane suke da yunwa da kuɗin saye.” Kulu ta ce ita ba inda za ta, a nan aka raina ta, a nan za ta mutu don su sha wahalar haƙa kabari. Na yi ta zarya. Na je da dagaci, ta kore mu. Na je da liman, ta ce ya fara gyara karatunsa. Abin da ya ɗaga ta daga ƙarshe, Amatullah ce ta ce mata, “Shi ke nan, zauna. Dama an ce tsoron mota kike ji.” Ranar kasuwa ta gaba tsohuwa ita ce a gidan gaba, kusa da direba.

Kwamitin zakka na wata unguwa a nan cikin gari ya ba su ɗaki. Ƙungiyar mata ta haɗa wa Amatullah kasko da fulawa da mai. Ta kafa teburi kusa da tasha tana soya sambusa, tana dafa shayi mai na'ana'a, har mutanen da suka taɓa ce mata amin suka zama masu layi. Da likitocin ido suka zo aikin kyauta, na kai Kulu aka cire mata yanar. Ina wurin ranar da aka kwance mata bandeji. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta zuba wa Amatullah ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ashe mummuna ce, kamar ubanta.” Sai ta kama gefen abayarta ta fashe da kuka, kukan da ban taɓa jin irinsa daga bakin tsohuwa ba, tana kiran “Yaya Sama'ila, Yaya Sama'ila.” Malaman asibiti suka zo a guje suna cewa kada ta ɓata musu aiki.

Bayan kamar shekara biyu sai ga wani Alhaji Mahdi ya zo ganin gida. Tela ne a Jidda, da takardunsa cikakku, maƙwabcinsu ne a can, matarsa ta rasu. Ya ji labarin Amatullah, ya neme ta, ya ce zai aure ta ya koma da ita ta hanyar da doka ta yarda. Mutumin kirki ne, na bincika. Abin da ta roƙe ni tun farko, wanda na kasa yi mata, ga shi ya zo har teburinta yana shan shayi.

Ta zo ofis ta same ni. Ta ce, “Hajiya, me kika gani?”

Na ce, “Ni ba ni da ta cewa. In kin tafi ba ki yi laifi ba, kuma zan nema wa Inna mai kula da ita. In kin zauna, ki zauna don kin so, ba don kunyata ba.”

Ita ma Kulu da ta ji, cewa ta yi, “Ta tafi mana. Wa ya riƙe ta? Ta duba dai kada ta haɗa da butata.” Amma maƙwabta sun gaya mini tun ranar ta daina cin abinci, wai haƙori ke damunta, ita da ba ta da ko ɗaya.

Ranar da Alhaji Mahdi ya zo jin amsa, Amatullah ta aiko in zo in zama shaida. Na tarar da shi a kan benci ya sha babbar riga, ita kuwa tana juya sambusa ko kallonsa ba ta yi. Ta ce, “Alhaji, na gode, Allah Ya saka. Wallahi ina mafarkin Jidda, har warin tekun nake ji. Amma in na tafi, tsohuwar nan za ta zauna a ƙofar ɗaki ta gaya wa duk wanda ya wuce cewa hali ne, uba ya gudu, ’ya ta gudu. Ba zan ba ta wannan daɗin bakin ba. In kana so na, ga Daura nan, mu ma muna sa riga.”

Ya sha shayinsa, ya yi sallama, ya koma Jidda shi kaɗai. Da yamma na bi ta gidan, na tarar da Kulu ta cinye kwano guda na shinkafa, tana faɗa wai gishiri ya yi yawa. Har yau suna nan tare. In kun bi ta lungun kuka ji hayaniya, kada ku kira 'yan hisba. Lafiya ce.

'Ya'yana, wannan shi ne aikin da kuka zo. Ba za ku yi arziki a cikinsa ba, wanda ya gaya muku haka ku kawo shi ofis mu duba lafiyarsa. Za a zage ku da harsuna iri-iri. Za ku yi abin da ya dace, ya ƙi; ku yi abin da ya rage, ya yi. Amma wata rana za ku tsaya a ƙofar wani ɗaki ku ji mutum biyu suna gardama a kan gishiri, ku wuce ba ku shiga ba, don ba sa bukatarku.

Ina roƙon Allah Ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tunawa da mu ba sai ranar taro ba. Allah Ya ba alƙalanmu adalci, Ya ba malamanmu haƙuri da irin bakina. Allah Ya ba sababbin ma'aikata ƙafa mai ƙarfi, da kunne mai kauri, da zuciya mai taushi, da iyali masu haƙuri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka mutu a ƙasar wasu suna begen gida, Ya haɗa kowane ɓatacce da nasa. Allah Ya zaunar da ƙasar Daura da Jihar Katsina lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.